Daga Ruwa Zuwa Ruwa A Duwatsun Abzin

Ƴan'uwa mata, duk wadda ta taɓa fasa kantu ta ba awakinta su lasa, ko ta daka cuku ta zuba a hura, to ta taɓa Abzin da hannunta, ko da ƙafarta ba ta taɓa zuwa can ba. Gishirin daga Bilma da Fashi yake fitowa, amma masu ɗauko shi bisa raƙuma, da yawansu mutanen duwatsun Abzin ne, Kel Ewe na Timiya da kewayenta. Tun kaka da kakanni suke sauko mana da kantu da dabino, su koma da hatsi. Mazan mun san su, da rawaninsu da butar shayinsu. Matan ne ba mu sani ba, don su ba su bin ayari. Suna can cikin duwatsu tare da awaki, kuma da yawa daga cukun da muke saye a kasuwa aikin hannun irinsu ne.

Mu shida muka tafi daga ƙasar Maraɗi, cikin watan Nuwamba, bayan an kai hatsi rumbu. Biki ne ya kai mu. Gidan su ɗaya daga cikinmu shi ne masaukin wani ayarin Timiya shekara da shekaru. Mai gidan ya rasu, raƙuma sun ragu, amma zumunci bai mutu ba, sai aka aiko za a aurar da jikar madugun. Labarin biki sai wata rana. Yau abin da za mu ba ku shi ne kwana uku da muka yi bayan an watse, muna tafiya a ƙafa, kaya a baya, kwana a waje, muna bin kwari har zuwa tafkunan da ke can bisa dutse.

Hanyar mota ba za mu daɗe a kanta ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga nan Tanut, Adarbisanat, sai Agadas. Tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne. Katin ɗan ƙasa ya zauna kusa da hannu, don za a tambaye shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A Agadas mun kwana biyu, mun ga hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka fara gina ta da laka tun 1515. Daga nan zuwa Timiya kilomita 220 ne ko kusa da haka, babu kwalta, sai dutse da yashi. Wannan hanya ba a binta da ka. Sai da masu masaukinmu suka tambaya, suka tabbatar lafiya lau take a kwanakin, sa'an nan suka sa mu a motar ƴan garin, muka tashi da asuba. Mun wuce Almaki inda aka daɗe ana tonon kuza, muka yi ta hawa da sauka, ƙugu ya gaji, sai bayan la'asar muka isa.

Wuni guda kina kallon baƙin dutse da jan dutse, ba inuwa, har ki fara tambayar kanki ko mutane na rayuwa a nan. Sai mota ta karya kwana, ki ga kore ya cika kwari daga wannan gefe zuwa wancan. Dabino a sama, a ƙarƙashinsa lemu da rumman da ɓaure da inabi, da wani babban lemu mai ɗaci-ɗaci da ake ce wa pampalmus, can ƙasa kuma fangalin albasa da tumatir da alkama. A kan tudu akwai tsohon barikin da Turawan Faransa suka gina, yana kallon garin. Kuma fa ba kogi. Ki duba gabas ki duba yamma, farin yashi ne kawai shimfiɗe a tsakiyar kwarin.

Mu mutanen Gulbi ba a yi mana dogon bayani ba. Kogin yana nan, a ƙarƙashin yashi yake. Ruwan sama a ƙasar Agadas ba ya cika wuce milimita 150 a shekara, mu kuwa a Maraɗi muna samun wajen 500. Amma dutse ba ya shan ruwa. Ɗan abin da ya sauka, dutse ya tattaro shi gaba ɗaya ya turo cikin kwari, ya yi gudu na wuni ɗaya ko biyu, sauran ya nutse cikin yashi ya kwanta. Shi ne rijiyoyin lambu ke jawowa shekara guda. Har yanzu akwai masu jan ruwa irin na da, wanda suke kira tekarkart: raƙumi ko sa yana tafiya gaba yana dawowa, yaro na riƙe da shi, wasaki mai dogon baki yana fitowa ya juye kansa a kwararo. Amma ƙarar injin ban ruwa ta fi yawa yanzu.

Kowane baƙo ana kai shi ya ga inda ruwa ke zubowa daga kan baƙin dutse, kusa da gari, ya taru a ƙasa ya zama tafki. Mun je, mun ɗauki hoto da salula kamar kowa. A nan ne ƙanwar uwar amarya, wata mace mai shekara kamar hamsin, siririya, ba ta da yawan magana, ta ce mana wannan ai na baƙi ne. Na awaki suna can sama. Ta ce gobe za ta koma wajen garkenta da ta bar wa ɗiyarta saboda biki, wadda ke da ƙafa ta biyo ta. Hausarta a bakin mijinta ta koya, ɗan ayari ne, don haka wani lokaci sai ka ji kamar Badamagare ke magana. Muka riƙa ce mata Yaya. Irin wannan tafki na cikin dutse, da Tamajak agelmam suke ce masa.

Zancen kaya shi ne ya fara ba mu dariya. Mu da muka tashi da tulu a ka, muka yi gammo muka ɗora ƙullinmu, muna ganin an zo wajenmu. Yaya ta dube mu ta ce, "Ƙannena, ku sauke. A can ido yana ƙasa, hannu yana dutse. Wa zai riƙe muku kai?" Gaskiyarta. Kayan ka na son miƙaƙƙiyar hanya da miƙaƙƙen wuya. Sai kowace ta naɗe nata cikin bargo, ta goya shi da zane, ta ɗaure da majanyi kamar jariri. Daga baya mun ga jakar baya irin ta masu yawon buɗe ido a wajen wani saurayi, mai ɗamara a ƙugu. Muka ce ashe goyo ne aka ɗinka aka sa masa kuɗi.

Jakai biyu suka ɗauki ruwa, kowane bidon biyu masu lita 20, da tukunya da garin alkama da tabarmi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ku lissafa da kanku ku ga abin da ya sa ba a ɗaukar ruwan kwana uku daga gida: mutum takwas ne da ɗan Yaya mai kora jakai, ga jakan su ma da bakinsu. Dole sai an dogara da ruwan da za a tarar a hanya. A goyonmu kuwa akwai bargo, rigar sanyi, tocila, buta, gumba, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji, ashana, da maganin ciwon jiki. Takalmi shi ne babba. Silifas ba ya kwana ɗaya a can, in dutse bai tsinke shi ba ƙaya ta huda shi. Takalmin roba mai rufi muka saya a Agadas, da safa, kuma ya yi.

Wunin farko shi ne mai daɗi. Muka fita ta bayan lambuna, muka shiga wani kwari da ke gangarowa daga duwatsu, muka yi ta bin yashinsa. Dajin Abzin ba irin namu ba ne mai faɗi. Siriri ne, dogo, yana bin ruwan da ke ƙasa kamar yadda zare ke bin allura. Gefe da gefen yashi goriba ce a tsaye da rassanta, ga bagaruwa, ga aduwa, ga magarya, ga gawo jefi-jefi wanda mutum biyu ba su rungume shi, ga itacen asuwaki ya yi duhu har ƙasa. Inuwa ta haɗe a wasu wurare har ki manta inda kike. Amma ki ɗauki dutse ki jefa gefe, inda ya faɗi babu ko ganye ɗaya. Duk itatuwan nan mun san su, a gonakinmu suke, sai dai a can ba a sare su an bar kututture ba. Hajiya, babbar cikinmu, ta tsaya gindin wata aduwa ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da ganin mai girman wannan tun tana budurwa.

Jan biri muka gani, garke guda, suna cin magarya, suka haye dutse suna leƙenmu. Ƙamshin nobe yana tashi duk inda ƙafa ta taka shi. Da rana ta take muka sauka a inuwa, aka dama egajira, wato hurarsu ta hatsi da dabino da cuku, wadda ƴan ayari ke sha su wuni ba su nemi komai ba. Mun sha mun yarda.

A wannan hutu ne Auta ta ɗaga kai ta ga busasshiyar ciyawa da karmami sun maƙale a reshen bagaruwa, sama da inda hannun doguwar cikinmu ke kaiwa. Ta ce wane tsuntsu ne mai ƙazamar sheƙa haka. Yaya ta ce ba tsuntsu ba ne, ruwa ne ya ajiye. Nan ya kai da damina. Muka yi shiru muna auna tsawon da ido. Ta ce ruwan kwari ba ya jiran hadari ya zo kanki. Ana iya yin ruwa can bayan duwatsu inda ba ki gani ba, ke kina nan rana na dukanki, sai ki ji ƙugi kamar na manyan motoci, kafin ki tattara tabarma ya iso da itace da duwatsu. Ya ci raƙuma, ya ci lambuna, ya ci mutane. Don haka ko da rani, ko sama ta yi fes, Ba'abzine ba ya shimfiɗa a tsakiyar yashi. Yashin kuwa shi ne mai laushi, shi jiki ke so bayan tafiya.

Gab da magariba muka kai tafkin farko. Ƙarami ne, a gindin wani santsin dutse, ruwansa kore-kore, gefensa duk sawun awaki. Jakai suka sha, muka cika abin da ya ragu a bidon. Mu da mun so mu sauke kaya nan bakin ruwa, Yaya ta wuce da mu gaba, ta haura wani tudu mai tsakuwa, tafiyar minti biyar. Dalilinta uku ne kuma ba ta tsaya jera su ba, a hankali muka tsinto su: sauro, maciji, da namun dajin da ba su da wani wurin sha sai nan, in suka ji mutum ba za su sauko ba. Wanka da wanki kuma ba a yin su cikin tafki. Ki ɗebo a bokiti, ki yi nisa ta gangare, ki yi abinki. Sabulu ɗaya in ya shiga wannan ruwa da ba ya gudu, wata nawa zai yi a ciki?

Itacen wuta busasshe kawai aka tsinto, wanda ruwa ya kawo. Ɗan Yaya ya kwaɓa garin alkama, ya buɗe garwashi, ya binne ƙullun cikin yashi mai zafi, ya mayar da wuta a kai. Bayan kamar rabin awa ya juya shi, da ya fito ya kakkaɓe ya goge. Tagella ke nan. Muka gutsuttsura a miyar tumatir da albasa, kuma ko ƙwayar yashi ɗaya haƙori bai ji ba. Sai shayi, zagaye uku, ba gaggawa.

Sanyi fa, ƴan'uwa! Wadda ta san hunturun Maraɗi kaɗai ba ta san sanyi ba. Rana na faɗuwa dutse ya saki zafinsa, kafin tsakar dare bargo ɗaya ya zama kamar gyale. Muka haɗa tabarmi muka kwanta jiki da jiki kamar ƴan kaji, aka sa Hajiya a tsakiya. Taurari sun sauko har kamar a miƙa hannu. Ba wanda ya yi zancensu, kowa haƙoransa ke kaɗawa. Can cikin dare dila ya yi kuka, jakai suka motsa, Yaya ta yi gyaran murya kawai ta koma barci. Da safe ta sa kowa ya zazzage takalminsa kafin ya sa ƙafa. Na mutum ɗaya ya fito da kunama, ƴar ƙarama, ja.

Wuni na biyu kwarin ya fara matsewa. Goriba ta ƙare, gawo ya ƙare, sai ƙananan ƙayoyi da duwatsu masu girman ɗaki waɗanda ruwa ya goge su suka yi sumul. Nan muka gane amfanin goyo, don akwai inda sai da hannu biyu da gwiwa. Jakai suna zagayawa ta wata ƴar hanya da su kaɗai suka san ta. Gwiwar Hajiya ta fara magana tun hantsi. Ba ta ce komai ba, amma mun ga tana dafa kowane dutse, muka raba kayanta a tsakaninmu.

An ce mana da azahar za mu kai tafki na biyu, don haka da safe ba a yi ƙoron ruwa ba, an sha, an yi alwala, an dafa shayi. Muka iso muka tarar da kwano ba miya. Laka ce ta bushe ta tsattsage, a tsakiya ɗan danshi baƙi mai wari, ƙudan zuma sun rufe shi. Abin da ya rage mana bai cika bidon ɗaya ba. Mutum takwas, jakai biyu, rana a tsaka, tafkin farko yana bayanmu da tafiyar awa biyar.

Nan magana ta rabu. Biyu suka ce a juya tun da sauran ƙarfi, ruwan da aka sani ya fi wanda ake zato. Wasu suka ce an fi kusa da gaba. Hajiya ta ce ita dai kada a juya saboda ita, kuma kada a ci gaba saboda kunyarta. Salula ba rezo tun jiya, ba wanda za a kira. Muka juya wajen Yaya, sai muka ga ba ta ma wurin. Ta koma ƙasa kaɗan, tana tafiya a hankali tana duban gindin duwatsu, ta wuce wannan, ta wuce wancan, ta tsaya inda kwarin ya yi gwiwa, wani shafaffen dutse ya tare yashi ta gangare, ga wata ƴar ciyawa kore tsaye ita kaɗai. Ta durƙusa ta fara tono da ƙoƙo.

Muka zo muka taya ta da hannu. Yashi fari, sai ya yi duhu, sai ya yi sanyi. Da rami ya kai tsawon hannu har kafaɗa, ta ce a bari. Ba komai a ciki. Muka zauna muna kallon rami kamar masu jiran tukunya. Can sai gindinsa ya fara ƙyalli. Ta kwashe na farko mai laka ta zubar, na biyu ta ba jakai, na uku ya fito garau. Ƙoƙo-ƙoƙo, sama da awa guda kafin bidon biyu su cika. Hajiya ta ce, "Yaya, da kin san da wannan, me ya sa kika bar mu muna ta gardama?" Ta ce, "Hajiya, ban sani ba sai da na tona. Bara a nan ban samu ba."

Mu ma a Gulbi muna tonon yashi da rani, ba baƙon abu ba ne. Bambancin, mu in ba mu samu ba akwai famfo a gari. Ita kuwa da awaki sittin a bayanta take wannan lissafi, kowace shekara, kwari bayan kwari: wanne ya samu ruwa sau nawa, wane tafki ke kai wa watan azumi, wanne ke yaudara. Ta ce bana wannan kwarin sau biyu kaɗai ya yi gudu, na bayansa kuwa sau biyar. Ba a rubuce yake ko'ina ba. A kanta yake, da kan ɗiyarta.

Ruwan mun tace shi da ɗankwali mai tsabta, kamar yadda aka koya mana zamanin yaƙi da kurkunu. Tun 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da wannan ciwo, amma hannu bai manta ba, kuma ba kurkunu kaɗai ke cikin ruwa ba. Muka jefa ƙwayar Aquatabs a kowane bidon, muka jira rabin awa. Yaya ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce yana warin likita. Ta sha nata daga rami.

Da yamma muka kai zangon masu awaki. Ba bukka, ba rumfa, sai shingen ƙaya na ƴan awaki, da kaya rataye a reshe don kada dila ya taɓa, da mata huɗu da yara. Wata da watanni suke yi a nan, in ciyawa ta ƙare su matsa. Mun ga yadda ake cuku tun daga tatsa: a sa wa madara ɗan abin da ke sa ta kama, wanda ake samu daga cikin ɗan akuya, a zuba a kan ƴar tabarmar kara, a matse, a shanya a bisa itace. Zanen da kuke gani a jikin cuku sawun karan nan ne. Hira ta yi daɗi a daren, Yaya na fassara. Suka tambaye mu gidan wa mace ke zama in an yi aure. Muka ce na miji. Suka dubi juna. A wurinsu ango ne ke tarewa wajen dangin amarya, ɗaki nata ne, awaki nata ne, in zama ya ƙi shi ne mai ɗaukar takalminsa. Wata cikinmu ta ce a tambaya mata ko ana karɓar baƙi. Amma da muka ga tafin ƙafarsu da hannuwansu, da yaron da ke tari ga likita tafiyar kwana biyu, ba wadda ta sake cewa sun fi mu hutawa.

Sun yi mana zancen gari ma. Samari da yawa sun tafi wajen zinariya tun da aka same ta a Jado a 2014, raƙuman ayari sun ragu, mota ta karɓi rabin aikin. Rijiyoyin lambu kuma, in ji su, ana ta ƙara musu zurfi tun da injuna suka yawaita. Ba mu ga laifin mai inji ba. Wadda ta taɓa jan guga wuni guda ba za ta zage shi ba. Sai dai raƙumi yana gajiya ya tsaya, rijiya ta huta ta dawo. Inji ba ya gajiya sai mai ya ƙare.

Hajiya ta tsaya a zango da ɗan Yaya da jakai, don daga nan ko jaki ba ya hawa. Mu biyar muka bi Yaya da ɗiyarta tun duhu bai gama washewa ba, awaki na gaba, kowace da buta ɗaya da dabino a ƙulle. Hawan awa uku ne, kuma ba za mu yi muku ƙarya ba, akwai inda muka yi da rarrafe, akwai inda ba a son duban ƙasa. Numfashi ya riƙa yankewa. Awakin kuwa kamar a tsakar gida suke.

Sai muka shiga wani tsagi tsakanin bangaye biyu na dutse, masu tsawon da sai kin kwantar da kai baya kike ganin sama. Iska ta canja, ta yi sanyi, ta yi ƙamshin danshi. Ga su nan, uku, ɗaya bisa ɗaya kamar an jera kwanoni a kan matakala, siririn ruwa na silalowa daga na sama zuwa na ƙasa ba ƙara.

Wadda ta san tafkin Madarumfa ko na Tabalak, in ta ji an ce tafki, za ta yi dariya in ta ga waɗannan. Babban cikinsu bai fi tsakar gida mai faɗi ba. Amma namu a shimfiɗe suke, rana na shan su ta ko'ina, suna ja da baya suna barin laka. Wannan a cikin tulun dutse yake. Ƙasansa dutse, gefensa dutse, ba inda zai tsiyaye, rana kuma ba ta leƙa shi sai ɗan lokaci da tsaka. Ɗiyar Yaya ta ɗaura dutse a igiyar da ta fi gaba uku ta saka, bai taɓa ƙasa ba. Ruwan baƙi ne in kin dube shi daga nesa, in kin ɗebo a tafin hannu kuwa kamar ba komai a ciki. Wani ɓaure ya tsiro daga tsagin bango, saiwoyinsa sun bi dutse sun sauko har bakin ruwa. Hasbiyoyi suna shiga suna fita. Rema ta zauna a kan dutse tana kallonmu ba ta ko motsa ba. A ɗan yashin gefe Yaya ta nuna mana sawun ragon dutse, sabo, na daren jiya.

Kowane da aikinsa. Na ƙasa na awaki ne, na tsakiya a nan ake ɗiba, na sama ba a taɓa shi sai shekarar da sauran suka ƙafe. Ba gardi, ba allo, ba tara. Yaya ta ce a rayuwarta sau biyu ta ga an kai ga na sama. Muka zauna a gangaren na ƙasa muka zuba wa ƙafafunmu ruwa da buta. Auta ta yi ƙara ta ce an sa ƙanƙara a ciki. Bayan wannan ba wadda ta yi magana na tsawon lokaci, sai ƙarar awaki suna sha.

Kafin mu sauka muka haura kan bangon ta wani gefe mai sauƙi. Duwatsu ne iyakar gani, baƙi da ja da shuɗi-shuɗi, kwaruruka na ratsa su kamar koren zare. Can kudu ga Bagzan kwance kamar babban tebur, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, kuma a samansa akwai garuruwa da lambuna. Muka nemi Timiya ba mu gan ta ba, dutse ya ɓoye ta.

Sauka ta fi hawa cin gwiwa, wannan kowa ya shaida. Mun cika buta ɗaya daga tafkin tsakiya muka kawo wa Hajiya. Ta karɓa ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta ce a rufe mata sauran kada kowa ya taɓa, za ta kai wa jikokinta. Mun tarar ita ma ba ta zauna banza ba, ta koya wa matan zango yadda ake ƙulla gumba da yaji, su kuma sun cika mata ɗankwali da cuku.

Yaya ba ta dawo da mu ba, awakinta sun daɗe ba su gan ta ba. Ta raka mu har ramin da muka tona, ta duba ta ga ya sake tara ruwa, ta ɗora masa faffaɗan dutse don mai zuwa, ta yi wa ɗanta magana da Tamajak, ta juya. Muka kwana na uku a tudun nan na kusa da tafkin farko, Hajiya a kan jaki rabin hanya, leda da gwangwanin da muka ci duk a ƙulle cikin buhu ɗaya. Washegari da hantsi muka fara jin ƙarar injuna, sai ƙamshin lemu, sai ga yara sun sheƙo suna tambayar ɗan Yaya ko baƙin sun kai har sama. Ya ce biyar sun kai. Motar Agadas sai jibi, aka ce mana, in ta cika da lemu.